Daga Madugu zuwa Manhaja: Tarihin Amana a Motar Haya

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya da su katse layukansu a faɗin Jihar Zamfara. Kwana biyu kafin wannan umarni, 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo da ke Kaya, a ƙaramar hukumar Maradun, suka tafi da ɗalibai fiye da 70. A farkon shekarar kuma, ranar 26 ga Fabrairu, an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, a ƙasar Talata Mafara. Hujjar hukuma ita ce, da waya masu garkuwa da mutane ke samun labarin wanda ya fito da inda ya nufa, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa.

Cikin 'yan kwanaki, wayar da ke aljihun mutumin Bakura ko Tsibiri ta koma tocila da agogo. Jama'a suka koma ga abin da iyayensu suka sani: a rubuta wasiƙa, a kai ta tasha, a damƙa wa direban da zai yi Sakkwato ko Kaduna, shi kuma ya sadar da ita ga mai ita. Wanda ke jiran ɗan'uwansa daga tafiya ba shi da wurin tambaya sai tasha, domin direban da ya iso yanzu shi kaɗai ya san halin da ya baro hanya.

Akwai dalilin da ya sa wannan dabara ta yi aiki. Babu mai hankalin da zai tsayar da motar da bai sani ba a bakin titi ya ba direbanta wasiƙa, balle kuɗi. Ana ba direban tasha saƙo ne saboda akwai waɗanda suka san shi, akwai littafin da sunansa yake ciki, akwai kuma layin lodi da zai rasa idan ya ci amana. A kan wannan ginshiƙi tsaron fasinja ya tsaya tun kafin zuwan mota. Duk wanda ya hau abin hawan da ba nasa ba ya damƙa kansa a hannun baƙo na ɗan lokaci, kuma tambayar da ta raka matafiyi tun zamanin jakuna har zuwa zamanin Uber da Bolt ba ta sauya ba: wa ya san wannan mutum, kuma wa za a kama idan wani abu ya faru?

Ayari da madugunsa

A ƙarni na 19, tafiya tsakanin Katsina ko Kano da Sakkwato ba abin da mutum ke yi shi kaɗai ba ne. Arewa da ƙasar Mafara akwai dajin Gundumi, wanda ya yi suna da rashin ruwa da yawan hare-hare. A 1824, da Baturen nan Hugh Clapperton zai ratsa shi, sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa da mahaya su raka shi. A 1853, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina cikin ayarin wani babban jami'in Sarkin Musulmi, suka keta dajin dare da rana ba tare da yada zango ba. Garuruwan ribaɗi da aka kafa ko aka ƙarfafa a zamanin Bello, irin su Wurno da Bakura, wani ɓangare na aikinsu shi ne tsare iyaka da hanyoyin da ke shiga babban birnin Daula.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun fi kowa tsara wannan al'amari. Tafiyar kan ɗauki watanni, ta ratsa ƙasashen sarakuna daban-daban kafin a kai Salaga. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ke zaɓen hanya da ranar tashi, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki na tara kuɗin da za a biya a mashigai da ƙofofin gari. Akan kuma tafi da malami mai rubutu da addu'a. Ƙaramin falke da ya kawo jakunansa biyu ya shiga ayari, abin da ya saya da kuɗin da ya bayar shi ne sunan madugu. Madugun da ayarinsa ya halaka saboda sakaci, ko aka same shi da haɗa baki da 'yan fashi, ba zai sami mabiya a shekara mai zuwa ba. Jarinsa ke nan, kuma ya san haka.

A wurin sauka ma haka tsarin yake. Baƙo kan sauka a gidan fatoma ko maigida, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya nuna yadda dillancin shanu ke gudana bisa bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba, saboda maigida ya lamunce. Ke nan tun da daɗewa Bahaushe ya gano cewa baƙo biyu ba sa iya amincewa da juna sai da na uku, wanda ke da abin asara idan ɗayansu ya cuci ɗaya.

Kwalta, tasha da ɗan kamasho

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Layin dogo bai taɓa kaiwa Sakkwato ba. Saboda haka duk kaya da fasinjan da za su wuce Gusau zuwa yamma sai a mota, kuma Talata Mafara, wadda ke kusan tsakiyar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta zama zangon manyan motoci masu bodin katako. Kasuwarta ta ranar Talata, wadda garin ya ci sunanta, ta ƙara jawo su. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ya kawo ma'aikata masu albashi da ƙarin zirga-zirga a tsakanin Mafara da Maradun da Bakura.

Mota ta rushe ayari, amma aikin madugu bai mutu ba, rarraba shi aka yi. Direba ya ɗauki sanin hanya. Yaron mota ya ɗauki wahalar lodi da saka waigi, sana'ar da Ɗanmaraya Jos ya yi wa shahararriyar waƙarsa ta Karen Mota. Ɗan kamasho ya gaji dillali: shi ke kiran fasinja, ya karɓi kuɗi, ya san motar da ke kan layi da wadda ke biye. Tasha kuwa ta gaji zango. A 1978, lokacin da gwamnatin soja ta sake fasalin ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda ta zama mai riƙe da mafi yawan tashoshin ƙasar. An daɗe ana kuka da yawan kuɗaɗen da ake karɓa a tasha da yadda 'yan siyasa ke amfani da wasu shugabanninta, kuma kukan yana da tushe. Duk da haka tasha ta riƙe abu guda mai daraja: direban da ke lodi a cikinta yana da reshe, yana da shugaba, kuma fasinjan da ya manta jakarsa ya san inda zai koma.

Shekarun 1970 su ne zamanin ƙaramar motar haya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, fijo 504 ta zama sarauniyar dogon zango. A birane kuma hukuma ta ɗauki dabarar da Landan ta fara tun 1662, lokacin da aka ba kekunan doki 400 lasisin haya: a yi wa motar haya alamar da kowa zai gane. Tasin Legas ruwan ɗorawa ce mai baƙin layi, ta Abuja kuma daga baya aka yi mata koren fenti. Fenti da lambar da aka rubuta a ƙofa shaida ce cewa wani ofishi ya san mai motar. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, kuma takardar da fasinja ke rubuta sunansa da na makusancinsa kafin mota ta tashi ta zama ƙa'idar tafiya mai nisa. Mutane da yawa na ɗaukar wannan takarda a matsayin ɓata lokaci, alhali ita ce kaɗai shaidar cewa wane ya shiga motar wane a rana kaza.

Lokacin da babur ya fita daga tasha

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota da kayan gyaranta suka gagari masu haya. Gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin motocin sufurin jama'a a 1988, amma bai cike giɓin ba. Babur ne ya cike shi. A Kano aka kira shi acaɓa, a Sakkwato da Zamfara da Jamhuriyar Nijar aka ce kabu-kabu. Ya fi tasi araha, yana shiga lungun da mota ba ta shiga, yana kuma kai mutum ƙauyen da damina ta yanke hanyarsa. Ma'aikacin da albashi bai ishe shi ba da manomin da ya gama aikin gona duk suka sami abin yi.

Sai dai babur ya zo da wani sauyi da ba a lura da shi ba da farko. Ba ya bukatar tasha. Ana tare shi ko'ina, a sauka ko'ina, kuma a babban birni fasinja ba ya sanin ko da sunan wanda ya goya shi. A ƙauye wannan bai zama matsala ba, domin ɗan kabu-kabun Tsibiri ɗan wane ne, jikan wane. A Kano ko Kaduna kuwa, na ukun nan da ke tsaya wa baƙi biyu ya ɓace.

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin mayar da shi, kowace da dalilinta. Bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, aka kuma fito da motocin haya na mata zalla. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku a 2005 domin mata su daina hawa acaɓa. Sunan shirinta na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, shi ya bi abin hawan har yau, kamar yadda a wasu wurare ake kiransa Keke Napep da sunan shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo. Ranar 19 ga Janairu, 2013, aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, kuma kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jihar ta hana haya da babur mai ƙafa biyu a cikin birni. Adaidaita sahu ta gaje fagen baki ɗaya, maza da mata.

Matsalar ba ta tafi da acaɓa ba. Adaidaita ma a titi ake tare ta, kuma sau da yawa mai tuƙa ta ba shi ne mai ita ba, balas yake kaiwa kullum, wani lokaci ma ya ba wani aro ya yi 'yan sa'o'i. Da ƙorafin ƙwacen waya da sauran laifuka ya yi yawa, sai hukumar KAROTA ta matsa kan rajista da lambar shaida a jikin kowace adaidaita, lamarin da ya jawo yajin aikin matuƙa a Janairun 2022 saboda kuɗin da aka ɗora musu. A watan Yulin wannan shekara aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Abuja ta nuna ƙarshen wannan hanya. An kori acaɓa daga tsakiyar birnin a 2006, aka hana ƙananan motocin bas shiga a 2013, ba tare da an samar da isassun manyan motocin da za su maye gurbinsu ba. Dubban ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Kubwa da Suleja suka dogara da motocin gida marasa fenti da ke ɗiban mutane a bakin titi. A cikin wannan rububi fashin da ake kira wan-cans ya yi ƙarfi: mota ta tsaya da mutane a ciki kamar fasinjoji, saura wuri ɗaya, wanda ya shiga a ƙwace masa waya da katin banki, wani lokaci a turo shi waje mota na gudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarawon bai ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba, ya dai sami birnin da shiga motar da ba wanda ya san ta ya zama al'ada.

Tashar da ke cikin waya

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma tun kafin a ji sunan wata manhaja mutane suka fara amfani da ita wajen gyara wannan ɓaraka. Magidanci ya ajiye lambar ɗan acaɓa ɗaya da ya yarda da shi domin kai yara makaranta. 'Yar kasuwa ta riƙe lambar direban da ke yi mata shata. Wannan shi ne tsarin da har yau ya fi aiki a garuruwa irin su Mafara da Maradun, inda kamfanonin manhaja ba su da kasuwar da za ta ja su.

An kafa Uber a San Francisco ta Amurka a 2009, ya shigo Legas a 2014, ya kai Abuja a 2016. A wannan shekarar Taxify na ƙasar Estoniya ya fara aiki a Legas, ya sauya suna zuwa Bolt a 2019. Daga baya inDrive, wanda ya samo asali a Yakutsk ta ƙasar Rasha, ya zo da tsarin da Bahaushe ya fi sabawa da shi, wato fasinja ya taya, direba ya sallama ko ya ce albarka. Idan aka cire ƙyalƙyalin fasaha, abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa tsohon kaya ne. Sunan direba da hotonsa da lambar motarsa su ne littafin tasha. Taurarin da fasinja ke ba shi bayan tafiya su ne sunan madugu. Kason da kamfani ke cira a kowace tafiya shi ne la'adar ɗan kamasho. Abin da ya ƙaru da gaske shi ne taswira: ana iya sanin inda mota take a kowane minti, fasinja kuma na iya tura wa ɗan'uwansa hanyar da yake bi yana kallo daga gida.

Wannan ci gaba ne, musamman ga mace mai fita da dare da baƙon da bai san gari ba. Amma shaidar manhaja tana da iyaka, kuma kamfanonin da kansu sun tabbatar da haka. A Disambar 2019, Uber ya fitar da rahoton da ya nuna an kai masa ƙorafin cin zarafi ta hanyar lalata har 5,981 a Amurka cikin shekarun 2017 da 2018. Wata guda kafin nan, hukumar sufurin Landan ta ƙi sabunta masa lasisi, bayan ta gano tafiye-tafiye aƙalla 14,000 da direbobin da ba su da izini suka yi ta hanyar ɗora hotonsu a asusun wasu. Darasin a fili yake. Manhaja ta san wanda ya yi rajista, amma ba ta ganin wanda ke riƙe da sitiyari. Ɗan kamasho yana ganin fuskar direba kowace safiya, kwamfutar kamfani kuwa sai abin da aka nuna mata. Saboda haka aikin dubawa ya koma kan fasinja: idan lambar motar da ta zo ko fuskar mai tuƙa ta ta saɓa da abin da waya ta nuna, to wannan mota daidai take da kowace motar bakin titi.

Haka kuma idan direba ya roƙi fasinja ya soke tafiyar a manhaja su daidaita a tsakaninsu. Dalilinsa sau da yawa ba mugunta ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kason kamfani ya ƙara yi wa direbobi nauyi. Amma fasinjan da ya yarda ya sayar da shaidarsa ke nan a kan ragin 'yan ɗaruruwan naira, domin daga wannan lokaci babu wani rubutu da ya haɗa sunansa da motar.

Tsoron kuma ba na fasinja kaɗai ba ne. An sha kiran direbobin manhaja zuwa wani lungu a ƙwace musu mota, wasu ma a kashe su, kuma babban kukansu shi ne ana tantance su fiye da yadda ake tantance masu kiransu. A 2023 suka sami rajistar ƙungiyar ƙwadago tasu ta kansu. Fasahar da aka ce za ta kawar da tasha da ƙungiya ta ƙare da direbobinta suna neman inuwar ƙungiya.

Abin da ya gagari tasha da manhaja

Duk waɗannan tsare-tsare, daga fenti zuwa taurari, maganin cuta ɗaya suke yi: suna kare fasinja daga wanda ya ɗauke shi. Ba sa kare shi daga abin da ke jiran su duka biyun a hanya. A nan ne tarihin Zamfara ya rabu da na Legas. A kan titin da ya tashi daga Gusau ya bi ta Bunguɗu da Maru, ya ratsa Talata Mafara da Lambar Bakura da Tureta zuwa Sakkwato, da ƙananan hanyoyin da ke ɓallewa daga gare shi, babban abin fargaba a shekarun nan shi ne masu tare hanya. Direban Golf da fasinjojinsa jirgi ɗaya ya kwaso su, idan an tare mota tare ake kora su daji.

Abin mamaki shi ne, ƙananan hukumomin nan uku kowace ta fitar da gwamna: Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. A zamanin na ukun ne, gab da katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare, saboda babur ɗin da ya zama motar talaka shi ne kuma dokin ɗan bindiga. Matakan sun ƙuntata wa mai gaskiya da mai laifi tare. Ɗan kabu-kabun da ke kai mara lafiya asibitin Mafara daga ƙauye ya shiga cikin waɗanda ake yi wa kallon zargi.

Da hanya ta lalace, sai tsofaffin dabarun ayari suka dawo da kansu. A hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, motoci kan taru su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su tashi, kamar yadda Clapperton ya jira mahayan Bello shekaru kusan 200 da suka wuce. A sauran hanyoyi direbobi kan bi juna a jere, su tambayi wanda ke tahowa daga gaba, su dakata a gari mafi kusa idan suka ga motoci sun daina fitowa daga ɗaya ɓangaren. Ba a sammakon asuba, ba a kuma yarda magariba ta riski mutum a daji. Wannan ilimi ne na jagaba, ba ya cikin kowace taswirar waya, kuma a tasha ake samunsa. Watan Satumban 2021 ya ƙara nuna cewa duk abin da ya rataya ga sabis, umarni ɗaya ya isa ya kashe shi.

Ma'aikacin da ke aiki a Abuja ko Kano, iyayensa kuma suna Maradun, yana rayuwa ne a cikin tsare-tsaren nan gaba ɗaya. Da safe zai kira mota ta manhaja ta kai shi tasha, ya shiga motar layi zuwa Gusau ko Mafara, ya ƙarasa gida a bayan babur. A kowane mataki akwai hanya mai shaida da marar shaida, kuma marar shaidar ta fi araha ko ta fi sauri. Motar bakin titi ta fi ta tasha sauƙin kuɗi domin ba ta biya kowa ya san ta ba. Wanda ya fahimci abin da ƙarin kuɗin ke saya zai gwada lambar mota da fuskar direba kafin ya buɗe ƙofa, ya bar tafiyarsa a cikin manhaja har ya sauka, ya rubuta sunansa na gaskiya da lambar makusancinsa a takardar tasha, ya kuma sanar da wani a gida motar da ya shiga da lokacin da ta tashi. Idan ya isa Mafara bayan la'asar, ya fi masa ya kwana a gari da ya ɗauki shatar babur ɗin da ba wanda ya san mai shi. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Ranar Talata, idan kasuwa ta fara watsewa, motocin Gusau da na Sakkwato kan yi lodi a Mafara, 'yan kabu-kabu na ɗaure buhuna za su yi ƙauyuka. Matafiyin da ya saba da yankin ba ya fara tambayar kuɗin mota. Yakan nemi direban da ya shigo daga inda shi zai nufa, su gaisa, ya tambaye shi yadda ya baro hanya, sa'an nan ya je ya biya kuɗin kujera.